SHAWARAR WATA: Mai neman fada a bankin hatsi

Bayan farin 1973 da na 1984, ƙauyuka da yawa na Nijar sun kafa bankin hatsi. Ana sayen hatsi da kaka, lokacin da yake da araha. Ana ajiye shi cikin mangaza. In damana ta yi tsaka, rumbuna sun ƙare, sai a saida ma mutanen gari da rangwame.

Kwamiti ne ke riƙe da bankin: shugaba, magatakarda, ma'aji da mai awo. In kansu ya haɗu, gari ya tsira. Amma sau da yawa akan samu ɗaya cikinsu mai neman fada.

Ba shi da wuyar ganewa. Ranar sharar mangaza ba a ganinsa. Ranar ɗaukar buhu, baya ke yi masa ciwo. Amma da ya ji ƙarar motar malamin gona, shi ne na farko bakin hanya. Shi ke shimfiɗa tabarma, shi ke kawo ruwa. Aikin da mutum huɗu suka yi, sai ya ce: "Ni na yi." Da dare kuma ya bi shugaba gida, ya ce: "Ranka ya daɗe, a sa ido ga mai awo, tiyarsa ba ta cika."

To, mai awo da aka yi ma wannan ƙazafi, me ya kamata ya yi?

Da farko, kada ya rama. In shi ma ya shiga kai tsegumi, sun zama ɗaya. Kada kuma ya yi fushi ya aje makulli. Wanda ya gudu, mutane za su ce da ma yana da laifi.

Na biyu, ya riƙe kaye da bik. Nan ne karatun yaƙi da jahilci ke da rana. Duk hatsin da ya fita, ya rubuta: rana, sunan mai saye, yawan tiya, kuɗin da aka biya. Mai saye ya sa hannu ko ya dangwala. Ga misali. Buhu mai kilo 100 yana cin tiya 40. In an zuba buhu 50 cikin mangaza, tiya 2.000 ke nan. In an saida tiya 1.200, buhu 30 sun fita. Dole a iske buhu 20. Kowa na iya shiga ya ƙidaya da idonsa.

Na uku, kada ya yi awo shi kaɗai. Ya yi shi da rana, gaban shaidu. Ya nemi a sa ma ƙofar mangaza kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurinsa, ɗaya wurin wani ɗan kwamiti.

Na huɗu, ya sami abokin aikin nasa a keɓe, ya ce: "Ɗan'uwa, na ji abin da ake faɗi. Ga kaye, zo mu duba tare." In ya ƙi, a sa dattijo tsakani. In hakan bai yi ba, a bari sai ranar taron jama'a. Nan mai awo zai karanta lissafi da ƙarfi, ba zagi, ba habaici. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Wani lokaci mai neman fada ba mugu ba ne, so yake a san da shi. Irin wannan a ba shi aikin da ya iya, kamar tarbar baƙi ko bin bashi. In ya yi da kyau, a yaba masa gaban kowa.

Shugabanni ma akwai tasu. Wanda aka kawo ma magana da dare, ya kira mutum biyun da safe, ya ji ta bakin kowa. Ya duba aiki, kada ya duba yawan gaisuwa. In aka bar gulma ta raba kwamiti, mutane za su janye, mangaza ta zama kango. Wanda zai ji jiki shi ne magidancin da rumbunsa ya ƙare cikin watan Agusta, ga noma, ga yara.

Allah ya ba da damana mai albarka.