A Yi Watandar Hatsi Kafin Kaka Ta Wuce

Jama'a, a kasuwar abinci babu wanda ake tsuga wa kuɗi kamar talaka. Mai hali yakan tura mota Dawanau da kaka, a loda masa masara da gero da wake a jibge a sito, ya manta da zancen awo har shekara ta zagayo. Talaka kuwa kullum yana tsaye gaban mai awo da 'yan canjinsa: rabin kwano yau, gwangwani uku gobe, man ƙulli, sukarin ƙulli, tumatirin leda. Kowane ƙulli akwai ribar wani a cikinsa, ga kuɗin leda, ga ladan ɗaurawa. In aka tara abin da ya biya a wata, aka gwada da abin da ya shiga tukunyarsa, sai a tarar ya fi attajirin layinsu sayen masara da tsada. Wannan asara kullum muke tafka ta, kuma toshe ta yana hannunmu.

Kowa ya san inda wutar tsadar abinci ta taso. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta haura 1,000. Aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta faɗi warwas. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya jawo rufe iyaka wata da watanni, fatauci ya tsaya a Illela da Jibiya da Maigatari. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Birnin Gwari, sai manomi ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya taka gonar gadonsa. A Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta ƙaru da sama da kashi 40 cikin ɗari a shekara guda, wata ɗaya bayan nan aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, kuɗin da a lokacin ba zai sayi buhun shinkafa mai kilo 50 ba. Duk wannan alhakin hukuma ne, kuma kada bakinmu ya gaji da yi mata tuni. Sai dai yaron da ya dawo daga makaranta da yunwa ba zai jira a tashi daga taro a Abuja ba.

To, ga kiran. Mun iya watanda tun kaka da kakanni. Sallah na matsowa, 'yan layi ko 'yan majalisa su yi karo-karo su sayi sa, a yanka, a kasa kashi-kashi, kowa ya shiga gida da naman da shi kaɗai ba zai iya saye ba. Me ya hana mu yi wa tuwo abin da muke yi wa nama? Nama na kwana biyu ne, tuwo kuwa na kullum. Buhun hatsi babba yakan ci kwano 40. Gida goma in suka haɗu, kowa kwano huɗu ke nan a buhu ɗaya, a farashin sari, da kuɗin mota ɗaya da ɗan dako ɗaya. In buhu biyar aka sayo, kowane gida ya tashi da kwano ashirin. Haka za a yi wa katan ɗin taliya da jarkar mai da buhun sukari da gishiri a kasuwar Singa, ko babbar kasuwar garinku ko wace ce. Ribar da take tsiyayewa a hannu uku ko huɗu kafin kaya su iso shagon bakin layi, sai ta tsaya a cikin gidajenku.

Lokacin saye shi ne rabin dabarar. Daga Oktoba zuwa Disamba hatsi na shigowa kasuwa ta ko'ina, manomi na neman kuɗin biyan bashin taki da hidimar gida, farashi na ƙasa. Idan damina ta yi nisa, wajen Yuli da Agusta, rumbuna sun yi ƙasa, sabo bai nuna ba, a nan ne mai awo ke faɗin kuɗi ba ya ko ɗaga kai. Mu kuwa a daidai nan muke yin sayayya mafi yawa, don ba mu ajiye komai ba. A tura mutum biyu masu ido su ci kasuwar ƙauye: masara a Dandume ko Giwa ko Saminaka, gero a Gujungu ko Maigatari, albasa daga Aliero idan lokacinta ya yi. Su tafi da kwanonsu ko da sikeli, domin ba yau aka fara buga gindin kwano ba, kuma su soka hannu har tsakiyar buhu, don wani buhun samansa ne kawai ke da kyau.

Wani zai ce ai akwai shekarar da farashi ke ba da mamaki. Gaskiya ne. A 2025 hatsi ya sauko, masu ajiya don riba suka yi ta kuka. Amma wanda ya ajiye don bakin iyalinsa, ko farashi ya faɗi tuwonsa na nan, kuma ya tsira daga ribar ƙulli. Wannan ne ma bambancin tanadi da ɓoye abinci. Mai cika sito yana jiran jama'a su galabaita ya sayar, shari'a ta yi tir da shi, kuma mun ga yadda hukumar karɓar koke-koke ta Kano ta garƙame wasu rumbunan ajiya a Dawanau a farkon 2024 bisa wannan zargi. Magidancin da ya tanadi abincin wata shida na gidansa kuwa, sawun Annabi Yusuf (AS) ya bi, wanda ya sa mutanen Masar suka ajiye amfanin shekarun yalwa a cikin zangarniyarsa saboda shekarun fari.

Na san abin da ke cin zuciyar mai karatu: ina kuɗin? Wanda sai ya fita ya samo ake ɗora tukunya, yaya za a ce masa ya sayi buhu? Amsar tana wajen matan Maraɗi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan karkara a can, a tsarin da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Mako-mako kowace ta zuba ɗan abin da ta iya a akwati, su ranta wa juna, ƙarshen zango su raba. Ba banki, ba attajiri, amma tsarin ya yi ƙarfin da aka kwaikwaye shi a ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. A ƙauyukan Nijar kuma akwai bankunan cimaka, inda gari ke sayen gero da kaka ya ajiye, ya sayar wa 'yan gari da rangwame idan damina ta tsananta. Waɗannan 'yan'uwanmu ne, harshenmu ɗaya, talaucinmu iri ɗaya. Mai adaidaita-sahu da mai shayi da tela da mai kitso, kowa zai iya cire ɗan abu kullum tun daga bazara. Kafin a yanke gero ya zama kuɗin kwano goma ko ashirin.

Abin da ke kashe irin wannan tafiya ba ya wuce cin amana, kuma duk wanda uwar adashi ta taɓa ɓace wa da zubi yana da hujjar ɗari-ɗari. Saboda haka kada a ji kunyar tsari. A sayi littafi a rubuta kowane zubi a gaban mai shi. Mai riƙe kuɗi daban, mai rubutu daban, masu zuwa kasuwa daban. Kada ƙungiya ta wuce mutanen da suka san ƙofar gidan juna. Gida goma zuwa goma sha biyar ya isa. Ranar rabo a zube buhu a tabarma a auna kowa na gani. Wanda ya ce rubutu rashin yarda ne, a tuna masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Sai ajiya, kuma a nan ina roƙonku da babbar murya. Ku raba abincinku da fiya-fiya da Sniper. Guba ce, ba a yi ta don cikin mutum ba, hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kanta, kuma saboda irin wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya ƙasashenta a 2015. Waken da Bature ya ƙi karɓa saboda lafiyarsa, shi muke dafa wa 'ya'yanmu. Alhali ga buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da masu binciken noma na yankinmu. A shanya hatsi ya bushe ƙayau, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaro ya rasa numfashi ya mutu, ba tare da ko ɗigon magani ba. Jarka mai murfi ko duro mai rufuwa ruf su ma suna yin aikin. A ɗora buhu a kan katako, nesa da bango da ɓera.

Iyayenmu mata, ku ne masu riƙe da ludayin, kuma da yawanku kun riga mu sanin duk wannan. Lokacin sanyi tumatir kan yi arha har ya ruɓe a Kwanar Gafan da sauran kasuwannin 'yan lambu, bayan wata uku kuma a sayar muku da guda huɗu kuɗin da ya isa kwano. Ku haɗu ku sayi kwando, a yanka a shanya a wuri mai tsabta a yi kauɗa, haka tattasai da attaruhu da kuɓewa. Tsohon buhun siminti ko fasasshen bokiti ya isa a shuka alayyafo da yakuwa da albasa mai lawashi, ruwan da aka wanke shinkafa da shi ya ishe su sha. Bishiyar zogale ɗaya a tsakar gida ta raba ku da sayen ganyen kwaɗo. Wake in ya kwana a jiƙe ba ya cin gawayi. Kwanon waken suya da aka yi awara da shi a gida zai ciyar da yara abin da kuɗinsa ba zai saya na nama ba.

Ku kuma magidanta, a daina mayar da kuɗin cefane asiri. Wani sai ya ajiye abin da ya saba ajiyewa tun shekara uku da suka wuce ya fice, da dare ya dawo yana faɗan miya ba ta yi daɗi ba. Malam, zauna da uwargida ku yi lissafin wata tare. Ita ta san kwano nawa gidan ke ci, ta san abin da ke saura a tukunya. Wanda ke karɓar albashi ya fara da buhu ranar da kuɗi suka shigo, kafin katin waya da tsiren majalisa su yi masa gaba da su.

Akwai kuma wata cuta da ta kama mu ta raina abincinmu. Yaro ya taso yana ganin tuwon dawa abincin marasa hali ne, burodi da taliya su ne wayewa. Mafi yawan alkamar da ake yin su da ita daga waje ake shigo da ita, da dala ake biya, don haka duk ranar da naira ta yi tuntuɓe sai karin kumallonku ya ƙara kuɗi. Gero da dawa a bayan garinku ake noma su. Kunu da ƙosai, ɗumame, dambu, fate, burabusko, ɗanwake da mai da yaji: da su aka raini mutanen da suka yi dalar gyaɗa a Kano. Ba cewa na yi a haramta shinkafa ba. A dai rage mata sarauta, ta riƙa zuwa Juma'a-Juma'a kamar da.

Bukukuwa kuwa, Allah Ya shirye mu. A wannan marra ana dafa abincin da rabinsa a bola yake kwana, ana cin bashi don gara saboda kada dangin ango su yi magana. Za su yi maganar ko an kai ko ba a kai ba.

Malamanmu limamai, kuna da mumbari, ku yi huɗuba a kan wannan kafin kaka ta wuce. Masu unguwanni, ku ba da zaure a yi zama, ku tsaya shaida ranar rabo. Matasan da ke yini a waya, ku ne za ku riƙa bugawa Dawanau da kasuwannin ƙauye kuna jin farashi kafin a fita, ku ne za ku riƙe littafi. Kuma kowace ƙungiya ta sa sharaɗi tun farko: a duk buhun da aka buɗe, kwano ɗaya na gidan marayu ne ko tsohuwar da ba ta da mai zuba mata, a kai mata da dare ba tare da shela ba. Juma'ar nan in an sallame, kada ku watse. Ku tsaya a ƙofar masallaci ku ƙirga gida goma, ku zaɓi ma'aji, ku tsayar da ranar zubin farko.