Nasiha ga Malamai da Almajirai a kan Kalma Mai Zafi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci harshe, ya sa masa ƙofa biyu, haƙora da leɓɓa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, wannan takarda ta fito daga ɗan'uwanku mai karantar da allo a Sabon Garin Wudil, zuwa ga malamai da almajirai. Ku sani, ya 'yan'uwa, wata magana ta yawaita a bakin samari masu wa'azi. Suna cewa mutanen zamanin nan ba su sauraron magana mai sanyi, in ba ka ce kafiri ba, ko la'ananne, ko ɗan wuta, babu mai juyowa ya dube ka. Ni kuwa na ce sun yi gaskiya cewa kalma mai zafi ta fi kama kunne. Kuskurensu shi ne zaton da suke yi wanda aka kama kunnensa ya karantu.

Fasali na farko, cikin tabbatar da cewa tana kama kunne

Wannan ba ya bukatar dogon dalili. Ku shiga kasuwar Wudil ran Juma'a, ku tsaya a kara. Dillalai suna ta ciniki, shanu suna kuka, kowa da abin da ya dame shi. Da wani zai ɗura wa wani ashar sau ɗaya, sai ka ga kawuna sun juya kamar an ja su da igiya guda. Haka masu tallan magani da lasifika a bisa mota. Sun san in sun ce ga maganin ciwon ciki, mutane wucewa za su yi, don haka suke ambaton tsiraici da sunansa, har dattijo ya sunkuyar da kai a gaban ɗansa. Hisba ta sha tsawata musu a Kano, ba su bari ba, zama abin yana tara musu jama'a.

Nasara ma sun auna wannan. Wani almajirina da ke karatu a jami'ar nan ta Wudil ya fassara mini aikin wani masani na Amurka, sunansa Donald MacKay, shi da abokan aikinsa, a shekarar 2004. Suna nuna wa mutum kalmomi da tawada iri iri, su ce ya faɗi launin tawadar kaɗai, kada ya kula da kalmar. In kalmar ta batsa ce, sai bakinsa ya yi nawa, domin ta fizge hankalinsa ko bai so ba. Bayan an gama, ita ya fi tunawa. To, ba mu musun wannan.

Fasali na biyu, cikin abin da take ci

Ku saurari sauran abin da suka gani. In an jera kalmomi da sauri aka sa ta batsa a tsakiya, mutum yakan riƙe ta, ya manta wadda ta gabace ta da wadda ta biyo ta. Kuma in an yi ta maimaita ta, ƙarfinta raguwa yake yi.

Wannan kowane malamin zaure ya san shi. Ka yi sa'a guda kana bayanin farillan alwala da sunnoninta, sa'an nan ka zagi malam wane sau ɗaya. Gobe ka tambayi almajirai abin da aka karanta. Zagin za su kawo maka daidai da wasalinsa, farillan kuwa sai an yi ta lalube. Ashe zagin nan ya cinye karatun da ke gabansa da bayansa. Kuma tun da ƙarfinta raguwa yake, wanda ya ce jahili bana, tilas baɗi ya ce fasiƙi, baɗin baɗaɗa ya ce kafiri. Kamar mai cin barkono ne, kullum sai ya ƙara, har ya daina jin ɗanɗanon tuwo.

Wayar hannu ta ƙara wa abin nan iska. A shekarar 2017 masana na Jami'ar New York sun duba saƙo fiye da 500,000 a Twitter, wadda yau ake kira X. Suka ga kowace kalma ta fushi ko zargi ko abin da ya yi kama da su tana ƙara yaɗuwar saƙo da wajen kashi 20 cikin 100, amma yawancin yaɗuwar a tsakanin masu ra'ayi ɗaya take. Ma'anarsa, mai zafin baki mutanensa yake tarawa, wanda ake son ya shiryu kuwa yana can bai ji ba. Shi ya sa za a yanki rabin minti daga karatun sa'a biyu, inda malam ya fusata, shi kaɗai zai zaga gari.

Fasali na uku, cikin abin da ƙasar Kano ta gani

Ba ni ba ku labarin nesa. Muhammadu Marwa, mutumin ƙasar Kamaru, ya zauna a Kano yana wa'azi. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya kore shi a 1962, daga baya ya komo, ya kafa zango a 'Yan Awaki. Ba a san shi da wani littafi da ya wallafa ba. Da tsinuwa aka san shi, yana tsine wa mai agogo da mai keke da mai rediyo da duk wanda bai bi shi ba, har tsinuwar ta zama sunansa, aka ce Maitatsine. Samari baƙi da suka zo birni neman karatu da abinci suka taru gare shi. A watan Safar na 1401, wato Disamba 1980, faɗa ya tashi, sai da soja suka shiga. Lissafin hukuma ya ce mutum 4,177 suka mutu. Wutar ta sake tashi a Bulumkutu ta Maiduguri a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985.

Ban ce tsinuwa kaɗai ta jawo wannan ba. Akwai talauci, akwai jahilci, akwai sakacin masu iko. Amma yaron da aka shekara ana gaya masa maƙwabcinsa la'ananne ne, ran da aka ba shi wuƙa ba ya tambaya.

Fasali na huɗu, cikin amsa wa mai musu

Wani zai ce, malam, kana so mu yi wa'azi kamar masu jin barci? Ba haka ba ne. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, in yana huɗuba idanunsa sukan yi ja, muryarsa ta ɗaukaka. Amma zafin nan daga girman al'amarin yake fitowa, mutuwa da hisabi, kuma ya tabbata cewa shi bai kasance mai zagi ko mai alfasha ba. Ambaton wuta ga mai tauye mudu gargaɗi ne. Cewa wane ɗan wane ɗan wuta ne, wannan shiga hurumin Allah ne.

Wani zai ce, fiƙihu fa, ba a kunya cikinsa. Gaskiya ne. Muna karanta haila da janaba a Ahalari da Risala, muna faɗinsu a fili gwargwadon bukata, ga wanda ya zo neman hukunci. Wannan daban yake da mai faɗinsu a lasifika don a yi dariya.

Ku duba Suratu Ɗaha, inda aka umarci Annabi Musa da Haruna su yi wa Fir'auna magana mai taushi. Ku duba Suratul An'am, inda aka hana zagin gumaka don kada masu su su rama da zagin Allah. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya yi yaƙi, ba a ce masa matsoraci. Duk da haka ya saɓa wa malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru a kan kafirta mai saɓo, kuma ya yi wallafa da yawa yana raddi ga ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya dalilan tauhidi irin na littafi ba.

Cikawa

Ga abin da nake roƙo. Malami, kafin ka saki kalma mai zafi, ka tambayi kanka ko ka yarda ita kaɗai a riƙe daga majalisinka, domin ita za a riƙe. Ka soki aiki da hujja, ka bar sunan mutum da na ubansa. Kalmar kafirci kuwa ka bar ta ga alƙali, zama hadisi ya yi gargaɗi cewa in wanda aka jefa bai cancanta ba, kan mai jifa take komawa. Kada ka auna karatunka da yawan taro, ka auna shi da yaro nawa suka gyara Fatiha.

Kai kuma almajiri, in ka taso daga majalisi, ka ƙidaya mas'ala nawa ka samu. In ba ka samu komai ba sai sunan wanda aka zaga, to, kallo ka je. In guntun faɗan malamai ya iso wayarka, ya tsaya a nan, kada ka zama jakin da ke kai itace gidan gobara.

Allah ya tsare harsunanmu, ya sa karatunmu ya zama hujja gare mu, ba a kanmu ba. Allah ya jiƙan malamanmu da iyayenmu. Amin. Tamat, wassalamu.