IGIYA CE KO MACIJI?

Wani yaro ya fito da magariba za shi ɗebo ruwa. Sai ya hangi wani abu baƙi a miƙe a gindin randa. Nan da nan gabansa ya faɗi, ya yar da moɗa, ya sheƙa yana ihu, "Maciji! Maciji!" Da aka kawo fitila aka haska, ashe igiyar guga ce. Igiya ba ta sari kowa ba, amma yaron ya wahala kamar wanda ya gamu da kububuwa. Zatonsa ne ya wahalshe shi.

Masana jikin mutum sun bayyana yadda abin yake. A bisa kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu. In mutum ya tsorata ko ya fusata, sai ƙwaƙwalwa ta aika wa ƙullutun nan, su zuba wani sinadari cikin jini, ana ce da shi adiranalin. Zuciyar babban mutum takan buga sau 60 zuwa 100 a minti guda in yana hutawa, amma sa'an nan sai ta ƙara sauri, numfashi ya yi sama-sama, baki ya bushe. Amfanin wannan shi ne mutum ya sami ƙarfin gudu in haɗari ya zo. Sai dai jiki bai san bambancin maciji da igiya ba. Abin da tunani ya gaya masa, shi yake bi.

Yawancin damuwar yau da kullum irin ta igiyar nan ce. Ga yara biyu, malam ya mayar musu da littattafansu, ko wanne da jan biro wuri huɗu. Na fari ya ce a ransa, "Malam ba ya sona." Ya koma gida ya ƙi cin tuwo, barci ma ya gagare shi. Na biyu kuwa ya ce, "To, malam ya nuna mini wuri huɗu da zan gyara." Ya zauna ya gyara, ya tafi wasansa. Jan biro ɗaya ne, kallon ne ya bambanta.

Tun da daɗewa masu hikima suka gane haka. Kusan shekara 2,000 da suka wuce an yi wani malami mai suna Afiktitas. Yana saurayi bawa ne a birnin Rum, ga shi kuma gurgu. Daga baya aka 'yanta shi, ya buɗe makaranta a ƙasar Girka. Ya koya wa almajiransa su kasa al'amura kashi biyu, waɗanda ke hannunsu da waɗanda ba sa hannunsu. Yaro ba shi da iko ya hana ruwa sauka ran wasan ƙwallo, amma yana da ikon zaɓen abin da zai yi da yininsa.

Wani zai ce, "In kuwa macijin gaske ne fa?" Lalle akwai damuwa ta gaskiya. Mai jin ciwo, ko wanda wani ƙato ke cin zalinsa a hanya, kada ya yi shiru yana rarrashin kansa. Ya gaya wa iyayensa ko malaminsa maza. Abin nufi dai shi ne a haska fitila tukuna.

Saboda haka, yara, in ranku ya ɓaci, ku dakata, ku ja dogon numfashi, ku tambayi kanku: Na tabbata, ko zato nake yi? Akwai abin da zan iya yi a kai? In akwai, ku tashi ku yi. In babu, ku bar shi ya wuce.

TAMBAYOYI
1. Me ya sa yaron ya yar da moɗa?
2. Mene ne aikin adiranalin a jiki?
3. Wace irin damuwa ce ta kamata a gaya wa manya?