Legas zuwa Akra ba da motar kai ba: wa ke ba ɗan Kura masauki?

Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin rani ya nuna a Kadawa da Kura da Bunkure, kasuwar Kwanar Gafan da ke bakin titin Zariya ba ta barci. Ruwan da ke raya wannan harka daga madatsar Tiga yake gangarowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Amma ba kwanduna kaɗai manyan motocin da ke ɗaukar hanyar kudu suke kwasa ba. Suna tafiya da mutane: masu kaya, yaran mota, da samarin ƙauyukan Dawakin Kudu da suka kammala aikin gona suka ce bari su taɓa ci-rani. Akasarinsu a kasuwar Mile 12 ta Legas suke sauka. Wasu kuwa gaba suke yi, su bi gaɓar teku zuwa Kwatano, ko Lome, ko Akra babban birnin Gana, inda wani ɗan'uwa ke sayar da albasa, ko tsire, ko yake canjin kuɗi.

Da wuya a sami mai motar kansa a cikinsu, balle mai kuɗin otal. Duk da haka suna zuwa, suna kwana, suna dawowa. Abin da ke ɗauke da su tsari ne da babu gwamnatin da ta kafa shi: motar haya a hanya, mai masauki a zango. Wannan tsari ya fara gajiya, hukumomin da ke lissafin biliyoyin daloli a kan hanyar kuwa ko kallonsa ba sa yi.

Tsakanin Legas da Akra bai kai kilomita 500 ba, wato kusan rabin tafiyar Kano zuwa Legas. Sai dai gajartar hanyar yaudara ce. Mai ƙaramin guzuri daga tashar Mile 2 yake shiga motar Seme, ya bi ta Badagiri. A iyaka ya sauka ya taka da ƙafa, ya hau tasin haɗaka zuwa Kwatano, inda 'yan acaɓa masu rawayen riguna, waɗanda ake kira zemijan, za su kai shi kasuwar Dantokpa ko tashar Jonquet. Daga nan sai wata motar zuwa Hillacondji, iyakar Benin da Togo, inda agogo ke komawa baya da awa guda. Gaɓar tekun Togo ba ta da tsawo, kimanin kilomita 50 ce, birnin Lome kuma a jikin iyakar Gana yake, har mutum na iya takawa daga cikin gari ya shiga Aflao. Can zai sami ƙananan bas-bas da 'yan Gana ke kira torotoro, su tsallaka da shi kogin Bolta a Sogakope, su sauke shi a tashar Tudu. Iyaka uku ke nan, kowace da jami'an ɓangare biyu, kuɗi kuma iri uku: naira, sefa, sidi. Akwai manyan bas-bas na kamfanoni irin su ABC Transport da ke tafiya kai tsaye, amma kuɗinsu ya fi yawa, kuma sai da cikakkun takardu ake hawa. Shi ya sa talaka ya gwammace hawa da sauka.

Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne a hanyar. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji, kusa da Kura, a 1877, ya bi mahaifiyarsa har Akra, kuma yana cikin na farkon da suka daina dogaro da ayarin jakuna daga Gwanja, suka riƙa loda goro a jirgin ruwa daga Akra da Sakandi zuwa Legas. Da layin dogo ya haɗe Legas da Kano a 1912, sai goron ya samu hanyar ƙarasawa arewa. Jirgin ruwa da jirgin ƙasa ya yi amfani da su, tun kafin mota ta zama abin kowa. Bayan shekara ɗari da ɗoriya, babu layin dogon da ya haɗa Legas da Kwatano, balle Akra. Ɗan abin da aka samu shi ne jirgin cikin gari da ya fara jigila daga Marina zuwa Mile 2 a Satumban 2023, wanda aƙalla yake rage wa mai nufin iyaka wahalar cunkoso.

Batun kwana ya fi na mota muhimmanci, domin a nan ne aka fi yin kuskuren fahimta. In baƙo ya sauka a unguwar Zongo ta Kwatano, ko Nima da Sabon Zongo a Akra, ko Agege da Idi-Araba a Legas, tambayar farko da za a yi masa ba ta kuɗi ba ce. Daga ina? Ɗan gidan wa? Wa ya turo ka? In amsa ta gamsar, sai a nuna masa tabarma a zaure ko a shago, a kawo masa tuwo. Mai masauki, wanda fataken dā ke kira fatoma, shi ke ajiye wa baƙo kuɗinsa, shi ke haɗa shi da dillali, shi ke tsaya masa idan aka karɓi kayansa bashi, shi ne kuma zai je ofishin 'yan sanda in dare ya yi bai dawo ba. Ribarsa la'ada ce daga cinikin da aka yi ta hannunsa. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Badun a farkon shekarun 1960, ya kuma bayyana a littafinsa na 1969 cewa cinikin shanu da goro tsakanin arewa da kudu a wuyan irin waɗannan masu gidaje ya rataya. Haka Sabon Zongo ta Akra, wadda Malam Bako ya kafa a farkon shekarun 1910, ta tashi: masu gida da 'yan masauki. Otal, komai arharsa, gado yake sayarwa. Mai masauki sunansa yake ba baƙo aro, kuma wannan ne abin da ɗan Bunkure da bai iya Faransanci ba yake buƙata a Kwatano fiye da fanka da katifa.

To amma kada a yi wa zango kirarin da ya wuce shi. An gina tsarin ne don fatake masu kaya, waɗanda cinikinsu ke biyan kuɗin tuwo. Saurayin da ya zo da jakar leda da lambar waya guda ba ya kawo la'ada. Ga kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi a dukkan waɗannan birane, zauren da a dā ake bar wa baƙi yanzu an yanka shi ɗakunan haya. Sakamakon shi ne abin da duk mai zuwa Mile 12 da asuba yake gani: mutane kwance a kan buhuna, a rumfunan kasuwa, a barandar masallaci. Da Legas ta haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022, samari da yawa sun rasa sana'a, suka rasa kuɗin ɗakin da suke haɗawa su biya. Mata 'yan kasuwa kuwa, da ma tsarin bai taɓa yi musu tanadi na kirki ba. In mace ba ta da 'yar'uwa mai aure a gari, sai dai ta kwana a tasha tana gadin kayanta.

Gwamnatoci ma suna ƙara wa miki gishiri. A 1977 hukumomin Togo suka rushe tsohon zangon Lome da ke tsakiyar gari, suka mayar da mazaunansa bayan gari ta arewa. A Yulin 2021 aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie a Akra zuwa Adjen Kotoku. A Maris na 2016 an rufe Mile 12 kanta na ɗan lokaci bayan wani rikici. Duk sanda aka yi haka, rumfuna ake ƙidayawa. Ba a ƙidaya mutanen da kasuwar ce ɗakin kwanansu.

Babban burin ƙasashen yankin shi ne titi mai layi shida daga Legas zuwa Abijan, kilomita 1,028, wanda shugabannin Nijeriya da Benin da Togo da Gana da Kwaddibuwa suka sa wa hannu a 2014, ana kuma ƙiyasta zai ci kimanin dala biliyan 15. Allah ya sa a gama lafiya. Sai dai ba ramukan titi ne ke cinye wa matafiyi yini ba, shingaye ne. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa cikin ƙungiyar damar shiga wata ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba, bisa sharaɗin yana riƙe da takardar tafiya da katin rigakafi. A nan gizo ke saƙa. Matafiya da dama daga ƙauyukan Kano ba su da fasfo, ba su da takardar tafiya ta ECOWAS da hukumar shige da fice ke bayarwa, ba su da katin rigakafin shawara. Wanda ba shi da takarda kuwa ba shi da bakin magana a gaban jami'i. Hannu kawai zai sa a aljihu, a wannan shinge da na gaba. Ita ma ƙofar ba kullum take buɗe ba. An ƙaddamar da ofishin iyaka na haɗin gwiwa a Seme a Oktoban 2018, bai cika shekara ba Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Tsofaffin zango kuma ba su manta da korar baƙi da Gana ta yi a 1969 ba, da wadda Nijeriya ta yi a 1983.

Bunkure ta san farashin tafiya babu mai tsaya wa mutum. A ƙarshen Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo, mafarauta ne da suka taso daga Fatakwal cikin babbar mota za su gida yin Sallah, da dama daga cikinsu 'yan Torankawa ta ƙaramar hukumar Bunkure. Laifin na waɗanda suka yi kisan ne, babu takardar da za ta wanke su. Amma abin ya nuna yadda mutum ke zama a fili, babu kariya, idan yana tsakanin garin da ya baro da garin da zai je, babu wanda ya san shi.

Jihar Kano ba za ta ce ba ta iya wannan aiki ba, domin kowace shekara tana yin sa. Hukumar jin daɗin alhazai tana tattara maniyyata daga ƙananan hukumomi 44, ta yi musu bita, ta ga an yi musu fasfo da allurar rigakafi, ta kwantar da su a sansanin alhazai, ta kama musu masauki a Makka. Ba a ce a yi wa ɗan ci-rani gatan alhaji ba. Kaɗan daga ciki ya isa. Ƙananan hukumomin Dawakin Kudu da Kura da Bunkure da Garun Malam za su iya haɗuwa su gayyato jami'an shige da fice da na lafiya su zauna a sakatariya bayan an kawar da amfanin damina, kafin samari su watse, a yi takardar tafiya da katin rigakafi a wuri ɗaya. Ƙungiyoyin manoma da dillalan gwari, waɗanda da ma suke karɓar kuɗi a kan kayan da ke fita, za su iya kama gida kusa da Mile 12, wani kusa da Mile 2, mai banɗaki da ma'ajiyar kaya da ɓangaren mata daban, a riƙa biyan ɗan abin da ba zai gagari mai kwando goma ba. Gana ta riga ta nuna cewa hukuma na iya amincewa da zango a matsayin abin da ya cancanci kasafi, da ta kafa asusun raya zanguna ta hanyar doka.

Za a ce gidan gwamnati ba ya daɗewa bai zama na 'yan siyasa da yaransu ba, kuma gaskiya ne. Don haka makulli ya zauna a hannun ƙungiyar 'yan kasuwa da Sarkin Hausawan wurin, a kuma ajiye littafi: sunan baƙo, ƙauyensu, mai unguwarsu, ranar da ya sauka, inda ya nufa. Mai masauki a Legas ya buga waya ga takwaransa na Kwatano kafin baƙo ya bar Mile 2, na Kwatano ya sanar da na Lome, na Lome ya sanar da na Nima. Kuɗin wannan bai wuce na katin waya da littafin rajista ba, kuma ana iya fara shi a kakar tumatir mai zuwa.