Gwargwadon Saranka, Gwargwadon Gonarka



A ƙasar Hausa, mai maganin da ya san saiwar da ke kwantar da shawara ba ya faɗa wa kowa sunanta. Da asuba yake shiga daji shi kaɗai, ya daka ta a ɗaka, ya miƙo maka a ƙulle. In Allah ya sa ya koya wa ɗansa kafin ya kwanta dama, ilimin ya tsira. In kuwa ajali ya riga shi, an binne shi tare da asirinsa. Don kauce wa irin wannan asara aka kafa dokar haƙƙin ƙirƙira, wadda Bature ke ce wa fatent. Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Hukuma ta ce: kai ka tona asirin abin da ka ƙago a rubuce, dalla-dalla, yadda duk wani gwani a fannin zai karanta ya yi irinsa, mu kuma mu hana kowa kwaikwayonka har shekara 20. Wa'adin na cika, ilimin ya zama na kowa.

Sharhinmu na yau kan wata shari'a ce da aka shafe kusan shekara tara ana fafatawa a Amurka, wadda ta gwada wannan ciniki. Shin mutum zai tona asiri kaɗan, ya karɓi lada mai yawa?

Bari mu fara da jikin ɗan Adam, don daga nan rigimar ta taso. Ƙwayoyin hanta na ɗauke da wasu 'yan ƙugiyoyi da ke kamo mugun kitsen da ke yawo cikin jini, wanda likitoci ke kira LDL. Shi ne in ya yi yawa yake toshe jijiyoyi, ya jawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. To akwai wani furotin mai suna PCSK9 da ke lalata waɗannan ƙugiyoyi. Masana suka gane cewa in aka ɗaure wa PCSK9 hannu, ƙugiyoyin za su yawaita, kitsen ya ragu. Kamfanin Amgen na jihar Kalifoniya ya haɗa wata ƙwayar garkuwa da ke wannan aiki, ya sa wa allurar suna Repatha. Kamfanin Sanofi na Faransa da abokin hulɗarsa Regeneron su ma suka haɗa tasu, wadda tsarinta ya bambanta, suka kira ta Praluent. A 2011 kowane ɓangare ya samu takardar haƙƙi a kan ƙwayarsa, kuma a 2015 duka alluran biyu suka samu izinin shiga kasuwar Amurka. Har nan babu wanda ya taka sawun wani.

Sai dai a 2014 Amgen ya karɓo wasu ƙarin takardu biyu, kuma a cikinsu ya canja salo. Maimakon ya ce ga ƙwayata, ga tsarinta, sai ya ce duk wata ƙwayar garkuwa da ta kama PCSK9 a wani keɓaɓɓen gurbi ta hana shi aiki, tasa ce, ko wane ne ya haɗa ta, ko yaya tsarinta yake. Ƙwayoyi 26 ya bayyana tsarinsu a takardun. Waɗanda za su iya faɗawa cikin wannan shinge kuwa ana maganar miliyoyi ne. A wannan shekarar ya maka Sanofi a kotun tarayya da ke jihar Delaware.

Sau biyu masu taya alƙali yanke hukunci suna ba Amgen gaskiya, a 2016 da 2019. A Janairun 2017 ma mai shari'a Sue Robinson ta ba da umarnin a janye Praluent daga kasuwa. Abin da ya hana hakan faruwa shi ne kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washington, wadda ta dakatar da umarnin, daga baya ta soke shi, ta ce a sake shari'ar.

Wannan kotu ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Kafin 1982, kowace shiyya a Amurka kotun ɗaukaka ƙararta ce ke sauraron rigingimun haƙƙin ƙirƙira, har ta kai takarda guda tana iya tsayawa a wannan shiyya ta faɗi a waccan, lauyoyi kuma na rige-rigen kai ƙara inda suka san alƙalai za su saurare su. Majalisa ta haɗe wannan aiki a kotu guda. Tun daga lokacin, duk wanda aka kayar a shari'ar fatent, daga Texas yake ko daga Boston, nan zai kawo kukansa, kuma da wuya Kotun Ƙoli ta karɓi ƙarar da ta fito daga can. Saboda haka a yawancin shari'u maganarta ce ta ƙarshe.

Bayan zagaye na biyu, alƙalin Delaware Richard Andrews ya ture hukuncin masu taya shi, ya ce takardun Amgen ba su koyar da abin da suke iƙirari ba. A Fabrairun 2021 kotun ɗaukaka ƙarar ta amince da shi, ta bakin mai shari'a Alan Lourie, wanda shi kansa masanin sinadarai ne da ya daɗe yana aiki a kamfanin magunguna kafin ya hau kujerar alƙalanci. Amgen ya garzaya Kotun Ƙoli. Ranar 18 ga Mayun 2023 alƙalai tara suka yi magana da murya ɗaya, mai shari'a Neil Gorsuch ya rubuta hukuncin: takardun sun faɗi.

Abin da ya fi burge ni a hukuncin shi ne kotun ba ta ƙago sabuwar ƙa'ida ba. Tsofaffin shari'u ta tono ta karkaɗe musu ƙura. Ta tuno da Samuel Morse mai wayar tangaraho, wanda bai tsaya kan na'urar da ya ƙera ba, ya nemi mallakar duk wata hanya ta aika rubutu nesa da ƙarfin lantarki, har da wadda ba a ƙago ba tukuna. A 1854 kotun ta bar masa na'urarsa, ta hana shi sauran. Ta tuno da Sawyer da Man, waɗanda suka yi ƙwan lantarki da zaren takarda da aka ƙona ya zama gawayi, sannan suka ce duk wani zare na tsiro da za a sa a ƙwai nasu ne. Thomas Edison da yaransa kuwa sai da suka gwada tsirrai fiye da 6,000 kafin su dace da wani irin gora na Japan da ke daɗewa yana ci. Da an biye wa Sawyer da Man, da sun ci guminsa suna zaune. A 1895 kotu ta ƙi. Akwai kuma shari'ar 1928 ta wani kamfani da ya yi gam ɗin kafintoci da sitacin rogo, ya nemi ya mallake duk gam ɗin sitaci da ya kai na fatar dabba kamu. Shi ma aka ce masa a'a.

Amgen ya kare kansa da cewa ai ya nuna hanya: a haɗa ƙwayoyi masu yawa, a gwada su ɗaya bayan ɗaya, a ware masu aiki, ko a ɗauki ɗaya daga cikin 26 ɗin nan a musanya wani ɗan sashe nata, a sake gwadawa. Kotun ta ce wannan aikin bincike ne aka ɗora wa wasu, ba koyarwa ba. Ta kawo misalin kwaɗo mai lambobi da ke da ƙafa 100, kowace ƙafa na da mazauni 20. Wani ya yi ta juyawa har ya dace da haɗi 26 da ke buɗe shi, sannan ya ce duk sauran haɗin da za su buɗe kwaɗon nasa ne, ga kuma shawara: ku ci gaba da juyawa, ku rubuta wanda ya buɗe. Manomi a nan zai gane zancen tun kafin a ƙarasa. Wanda ya sare kadada ɗaya a daji, kadada ɗaya ce gonarsa. Ba ya nuna bakin dajin da gatari ya ce daga nan har inda rana ke faɗuwa nasa ne.

Adalci dai a ji ta bakin ɓangaren Amgen, don maganarsu ba ta banza ba ce. Sun ce wahalar na wajen gano gurbin da za a kama. Da zarar na farko ya kashe shekaru da maƙudan kuɗi ya nuna cewa abin na yiwuwa, na biyu zai bi sawunsa cikin sauƙi, ya ɗan sauya tsari, ya shigo kasuwa. Wa zai ƙara zuba dukiyarsa a bincike in haka ne? Manyan kamfanonin magunguna kansu sun rabu biyu a gaban kotu, wasu na bayan Amgen, wasu irin su Pfizer na bayan Sanofi. Gwamnatin Amurka ta goyi bayan Sanofi, haka ma Gregory Winter, masanin Ingila da ya samu kyautar Nobel a 2018 kan aikin ƙwayoyin garkuwa. A ganina masu goyon bayan Sanofi sun fi gaskiya. Babu wanda ya ƙwace wa Amgen allurarsa; Repatha na nan a hannunsa yana sayarwa. Abin da aka hana shi shi ne rufe ƙofa ga maganin da bai haɗa ba, wanda watakila ya fi nasa dacewa da jikin wani majiyyaci.

Batun kuɗi ma na nan. Da alluran suka fito, kowacce na cin kimanin dala 14,000 a shekara. A Oktoban 2018 Amgen ya zaftare kashi 60 cikin 100, farashin ya dawo dala 5,850, Sanofi ya bi sahu a farkon 2019. Gaskiya ne kamfanonin inshora sun matsa lamba, suna ƙin biya. Amma mai saye ba ya iya taya kaya da ƙarfin gwiwa sai in akwai wata rumfa a gefe. Da umarnin 2017 ya tabbata, da rumfa ɗaya ta rage. Kuma ba hasashe ba ne, don a Jamus an gani: a 2019 wata kotu a Dusaldof ta hana sayar da Praluent, sai da sashen ɗaukaka ƙara na ofishin haƙƙin ƙirƙira na Turai ya rage faɗin takardar Amgen a Oktoban 2020 hanya ta sake buɗewa.

Kiɗa ya canja, rawa ma ta bi. Wata huɗu kacal bayan hukuncin, a Satumban 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta Washington ta rushe takardar kamfanin Baxalta a rigimarsa da Genentech kan maganin cutar nan da ke hana jini tsayawa, bisa wannan hujja dai: ƙwayoyi 11 aka bayyana, miliyoyi aka kewaye.

To mu ina ruwanmu? Hukuncin Amurka ba ya ɗaure alƙalin Abuja ko na Yamai, don kowace takardar haƙƙi iyakarta ƙasar da ta bayar da ita. A Nijar, Kamaru da Chadi ma daga hukumar OAPI da ke Yawunde ake karɓo ta, mai ƙasashe 17. Amma kamfanonin da ke rubuta irin waɗannan takardu masu faɗin baki su ne dai ke kawo su rajista a nan. Dokar Najeriya ta 1970 ta tanadi sharaɗi iri ɗaya da na Amurka: dole bayanin ya fito fili, ya cika, yadda gwani zai iya aiki da shi, in ba haka ba kotu na iya soke takardar. Inda gizo ke saƙar shi ne dokar ba ta ɗora wa magatakardan rajista binciken ko abin sabo ne, ko bayanin ya wadatar ba. Cikar takardu da biyan kuɗi yake dubawa, ya buga hatimi, dokar kuma ta faɗa ƙarara cewa hukuma ba ta lamunce ingancin abin da ta bayar ba. Ke nan takardar da ta kewaye daji guda za ta iya wucewa salin-alin, ba wanda zai auna ta sai ranar da aka kai ta Babbar Kotun Tarayya. Kuma wanda zai kai ta, ko a kai shi, yawanci mai ƙaramin kamfanin haɗa magani ne a Sharaɗa ko Ikeja da ya wayi gari da wasiƙar lauya a kan teburinsa. Sanofi na da aljihun da ya ɗauki shari'ar shekara tara har Kotun Ƙoli. Shi kuwa wannan bawan Allah, in ya lissafa kuɗin lauya da na masanin da zai zo ya yi wa alƙali bayanin ƙwayoyin garkuwa, sau da yawa sai ya ga gara ya dakatar da injinsa ya koma haɗa maganin tari.