Zauren Taro da Kuɗin Gyaransa



A farkon Satumbar 2024, bayan ruwa mai yawa, tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ke tsaye tun ƙarni na 19, ya rushe. A Agustan 2023 kuma wani sashe na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta kan masallata ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. Mu mutanen Maraɗi ba sai an ba mu labarin ruwa ba. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta tayar da garin nan daga fadama ya hau tudu.

Shi ya sa yau nake son mu dubi gine-ginen da kowa ke shiga amma ba mai kwana da tunaninsu: zauren taron unguwa, gidan matasa, dandalin da aka gada tun zamanin samariya, a Sabon Gari ne, a Tibiri ne ko a Jiratawa. Nan ake shagalin biki, nan ake sasanta rigima, nan ƙungiyoyin mata da na manoma ke zama. Idan rufi ya fara yoyo kuwa, sai kowa ya ce na gwamnati ne.

Mun saba da gyaran biki. Lokacin Maraɗi Kwalliya, bikin 18 ga Disamba na 2015, gari ya sha fenti da sababbin gine-gine, mun kuma ji daɗi. Haka filin kokawa na Kantu yake samun gyara idan zagayen gasar kokawa ta takobi ya zo kanmu. To amma gini ba ya jiran biki. Abin da ke kashe shi ƙanana ne: indararo ya toshe, ruwa ya kwanta bisa soro, gara ta shiga azara, gindin bango ya jiƙe ya fara zubewa. Aikin da buhun siminti biyu da magini ɗaya za su gama a watan Afrilu, idan aka bar shi damina uku sai ya koma aikin miliyoyi. A Jenne ta ƙasar Mali, duk shekara gari ke fitowa a yaɓe babban masallaci, shi ya sa har yau ginin laka yake tsaye.

Kuɗin fa? Yawancin zaurukan nan ana biyan haya kafin a yi biki ko taro a cikinsu. Ra'ayina, daga kowace jika da ta shigo a ware wani kaso a asusun gyara, kada a taɓa shi don sayen kujeru ko walimar baƙi. Mai unguwa, da wakiliyar mata, da wakilin matasa, da tsohon magini wanda ya san ginin, su riƙe asusun, su karanta lissafi a bainar jama'a sau ɗaya a shekara. Mutanenmu sun iya adashe. Abin da ke sa su janye hannu shi ne kuɗin da ba a san inda ya shiga ba.

Ga alhazan birni kuma roƙona ɗaya ne. Allah ya saka da alherin masallatai da makarantun da kuke ginawa. Amma wanda ya ɗauki nauyin kwanon rufi da indararon tsohon zaure na shekara biyar, shi ma ya yi sadaka mai gudana, ko da ba a rubuta sunansa a bango ba. Ma'aikatar magajin gari kuwa ta tura masu duba gini su zagaya kafin ruwan farko, tun ana iya hawa soro a ga tsaga.