Aman jini ba sammu ba ne

A Tibiri da Jiratawa, in mai ciwon hanta ya yi aman jini, sai mu ce jifa ne, mu nemi rubutu. Jinkirin nan yana cin rai.

In hanta ta ƙandare, jini ba ya ratsa ta sosai. Sai ya taru a jijiyoyin hanyar abinci, su kumbura, su fashe. Baƙin kashi kamar kwalta ma alama ce.

Ko aman ya tsaya, mu kai shi asibitin Maradi nan take, tare da ƴan'uwa masu ba da jini. Inda akwai na'ura, likita kan zura bututu ta baki, ya ɗaure jijiyar da ƴar roba. Kada a ba shi asfirin, yana ƙara zubar jini.